Rawar Gumsu

Da Ajimi ya turo ƙyauren gidan gauraki, sai tsuntsuwar ta buɗe fikafikai, ta rusuna, ta daka tsalle, tukkunta na rawa kamar kan gero a iska. Grema yana tsaye da kwanon dawa a hannu, ko kallo bai samu ba.

"Ka gani ko, Ya Grema? Gumsu ta san mutanenta," in ji Ajimi, yana gyara jar dararsa.

"Gumsu! Har suna ka raɗa mata?"

"To, ai ta yi kama da uwargidan sarki."

Grema ya dangwarar da kwanon har dawa ta zube. Kishi ne, babu wani sunan da za a ba shi. Dattijo mai furfura, mai jikoki, yana kishin abokinsa a kan tsuntsuwa!

Su biyun nan suka kafa Ƙungiyar Abokan Gauraka, tun suna da ƙarfin ban-ruwan tattasai da kansu a bakin kogin Komadugu. A lokacin masu kamun tsuntsaye sun kusa ƙarar da gauraki a kwarin. Sukan kwashe ƴaƴan daga cikin ciyawa, su datse musu gashin fiffike, su sayar wa masu hali a yi ado da su a tsakar gida. Grema da Ajimi suka riƙa bin gida-gida a Diffa har Maine-Soroa, suna roƙon a ba su tsuntsayen, ana yi musu dariya. Wanda aka ba su sai su tsare shi har sabon gashi ya fito, su kai shi kogi su saki. Ko a shekarun da tashin hankali ya hana zuwa bakin ruwa, ba su watsar da tsuntsu ko ɗaya ba.

Doka ɗaya ce a gidan, kuma Grema ya fi kowa tsaurinta: ba a ba gauraka abinci a hannu, ba a yi masa magana. Wanda ya saba da mutum, in an sake shi, wajen mutum zai sauka, mai kamu kuwa ba ya rasa tsaba a aljihu. Shekara da shekaru Grema yana zuba dawa ya juya baya, yana wanke musu miki fuska a ɗaure. Tsuntsaye suka riƙa gudunsa, yadda ake so. Ga shi yanzu Ajimi, wanda bakinsa ba ya shiru, shi ake yi wa rawa.

Abin ya tsaya wa Grema a rai. Ya shiga kasuwa ya sayo jar dara.

"Malam, yaushe ka fara son jar hula?" matarsa Kubra ta tambaya.

"An hana ne?"

"A'a, Allah ya ba ka haƙuri. Ta yi maka kyau."

Da hantsi, in kowa ya tafi gona, sai ya kamo fara a kunyoyin tattasai, ya tsuguna a bakin raga ya miƙa hannu. Da farko Gumsu ta yi masa kallon bare. Daga baya ta matso, ta fizga ta gudu. Sannu a hankali har ta fara ci a tafinsa, yana yi mata ƙus-ƙus da Barbarci kamar mai lallashin jika.

Sai kuma Ajimi ya ɗauke ƙafa. In an tambaya, ya ce aikin dashe ya yi masa yawa. Grema ya ji sanyi a ransa. Ranar da Gumsu ta fara rusuna masa, ya koma gida yana fara'a har Kubra ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne.

Kogi ya cika, garken gauraki na daji ya sauka a fadamar da ke hayi. Ƙungiya ta sa ranar saki, ta gayyato mai gari da ma'aikatan gandun daji. Aka jera kejuna a kan gaɓa, Ajimi ya zo kansa ba hula, ya tsaya can baya.

Aka buɗe. Gauraki suka yi ɗan gudu, suka tashi, suna amsa kukan ƴan'uwansu. Gumsu ma ta tashi, fiffikenta lafiya lau. Ta kai tsakiyar ruwa, ta karkata, ta kewayo, ta sauka daidai gaban Grema. Ta buɗe fikafikai ta rusuna.

Jama'a suka ɗauki tafi. "Kai, tsuntsuwar nan ta san alheri!" in ji mai gari.

Ajimi bai tafa ba. Ya matso a hankali har kafaɗarsa ta taɓa ta Grema.

"Ya Grema, me ka ba ta?"

Grema ya kau da kai, Ajimi ya ci gaba.

"Ni na fara ɓata ta, na sani. Shi ya sa na daina zuwa, don ta manta da mutum kafin yau. Wallahi kullum sai na zo har bakin ƙyaure, in ji kukanta, in koma." Ya dubi jar darar da ke kan abokinsa. "Yanzu ko an kai ta tafkin Chadi, duk mai jar hula da fara a hannu ya same ta."

Wani sabon abu ya soki Grema a ƙirji, ya fi na da zafi. Ashe ko a son tsuntsuwar ma Ajimi ya fi shi.

"Tafi!" Grema ya daka wa Gumsu tsawa. Ya cire hular ya wurgar, ya buga ƙafa. "Tafi mana, ga ƴan'uwanki can!"

Ta karkata kai tana kallonsa. Ya sunkuya ya ɗauki guntun kara ya jefe ta da shi. Gauraka kuwa da jifan kara yake rawa. Gumsu ta cafe karan da baki, ta cilla shi sama, ta daka tsalle, ta sake rusuna masa.

A hayi garken ya tashi ya nufi gabas. Ajimi ya je ya ɗauko kejin da hannunsa, ya ajiye a gaban Grema, ya buɗe ƙofar don a mai da Gumsu ciki.