Hangara a Gwangwanin Yaji

Isufu ya dawo Barmu daga Abijan ana gab da yankan hatsi, ya sauka gidan wansa Muktari. A shekarar hangara ta yi yawa a gonaki, ƙwaron nan mai cin furen gero, wanda in ya fashe a jikin mutum sai fata ta tashi kamar ƙunar wuta.

Muktari yana da saniya mai wasu ƙuraje masu tauri a wuya. Wani makiyayi ya gaya masa garin hangara na cinye su in an shafa. Sai ya tara ƙwarin ya shanya, ya daka, ya zuba a tsohon gwangwanin yaji ya ɗora bisa katanga. Bai gaya wa kowa ba, don bai ga abin faɗi a ciki ba.

Ranar kasuwa Isufu ya sayo balangu. Muktari na gona, matar Muktari, Hawa, tana wanki a tsakar gida. Isufu ya ga gwangwani, ya barbaɗa da yawa. Da bakinsa ya soma zafi, har dariya ya yi, ya ce yajin gida ya fi na Abijan faɗa.

Kafin la'asar yana amai da jini, fitsarinsa ma jini. Aka kira Muktari, suka ɗauki mota zuwa babbar likita, wato asibitin Tawa.

Lokotoro ya tambayi abin da ya ci. Hawa ta ce nama ne da yaji, a gabanta ya ci.

"Wane yaji?" in ji Muktari.

"Na gwangwanin ga da ke bisa katanga."

Muktari ya zauna a ƙasa, nan cikin ɗakin. Sai da lokotoro ya maimaita tambaya sannan ya iya faɗin abin da ke ciki. Lokotoro ya ce dafin nan ba shi da makari, kuma ya riga ya taɓa ƙoda. Suka sa masa ruwa, suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Isufu bai kai Juma'a ba.

Matarsa Haula, wadda ke gidan iyayenta a Affala tana jiran ya zo ya ɗauke ta, ta iso bayan an rufe shi. Ta tsaya a ƙofar gida tana tambayar me ya kashe shi. Mutane suka yi ta kallon juna. Daga baya Hawa ta kama hannunta ta ja ta ɗaki.