Gaisuwa Zuwa Rangun

Mushe Faruku, malamin lakol, wato makarantar boko ta Gidan Rumji a Nijar, mutum ne mai gaisuwa. In ya riƙe hannunka a bakin kasuwa, to sauke kayanka, don sai ya tambayi tsohuwarka da sunanta, ya bi 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya, ya sauka kan akuyar da ta yi ɓari bara. A Gidan Sori aka haife shi, inda ba a san mutum ya wuce mutum da baki rufe ba. Matarsa Barira kan ce in ta aike shi sayen gishiri, to miyar gobe za a sa wa.

A Maleshiya ya yi karatu, kuma can ya zauna ɗaki ɗaya da wani Musulmin ƙasar Bama mai suna Zaw Lin, siririn mutum mai yawan dariya. Tukunyarsu ɗaya, sahur ɗinsu ɗaya. Da zazzaɓi ya kayar da Faruku, Zaw Lin ne ya yi jinyarsa, yana ɗura masa kunun shinkafa marar daɗi yana rantsuwa cewa haka uwarsa ke yi. Da karatu ya ƙare kowa ya kama hanyar gida, kewa kuwa ta biyo Faruku har Gobir ta zauna.

Abin da ya rage tsakaninsu shafi ne a intanet. Zaw Lin ya buɗe shi a garinsu Rangun, yana rubuta halin da ake ciki ƙarƙashin mulkin soja, amma da sunan aro, Mai Kwalekwale. Sau ɗaya ya aiko wa Faruku adireshin, bai ƙara komai ba. Tun daga nan, ana tashi lakol sai Faruku ya nufi shagon Tanimu a bayan tasha, inda tsofaffin kwamfutoci ke nishi cikin zafi, ya jira shafin ya buɗe kamar mai jiran ruwan shuka.

Shekarar kuwa ta siyasa ce. A Nijar sojoji sun kawo ƙarshen tazarce sun yi alkawarin zaɓe, baki ya buɗe, kowane mai shayi ya zama masanin tsarin mulki. A Bama ma an yi zaɓe, sai dai Mai Kwalekwale ya rubuta cewa a unguwarsu akwatin ya zo da nauyinsa tun kafin a buɗe rumfa. Faruku ya fassara wa 'yan fadarsu wannan, yana bugun ƙirji yana cewa abokinsa ne, tare suka ci suka sha.

Ana haka Babbar Salla ta zo. Faruku ya duba ƙasan rubutun, inda masu karatu ke barin sharhi, ya ga mutane rututu ba suna ba sallama, kowa ya jefa maganarsa ya wuce. Abin ya ɓata masa rai. A ce mutum ya yi wannan namijin ƙoƙari, a rasa mai tarbiyyar da zai gaishe shi? Ya gyara zama ya yi gaisuwar Salla irin ta gida. Ya kira Zaw Lin da cikakken sunansa. Ya tambayi jikin tsohuwarsa, ya tambayi amarya ko ta sauka lafiya, ya tambayi kantin maganin mahaifinsa da ke bayan masallaci, har sunan titin ya sa don a san shi ba baƙo ba ne. Ya tashi zuciyarsa fes.

Amsa ba ta zo ba. Sabon rubutu ma bai zo ba. Ranar kasuwa ya buɗe, aka ce babu wannan shafi. Ya kira Tanimu yana zargin na'ura, ya ba shi labarin gaisuwar don ya nuna har makon jiya komai lafiya lau. Tanimu ya dafe kai ya ce:

"Mushe, mutum ya ɓoye sunanai don sojoji, kai kuma ka tahi ka rubuta shi har da ƙohwar gida?"

Faruku ya tashi ya kama hanyar gida.

Daga ranar bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ya aika wa Zaw Lin saƙo ta tsohon adireshin imel ɗinsa, ya dawo masa. Ya bi shafukan mutanen Bama da suka tsallaka ƙasar Tailan, yana karanta sunayen waɗanda aka kama da yatsa a kan gilashi, yana addu'ar kada ya gani, yana kuma jin haushin bai gani ba. Barira ta ce Allah ya san nufinsa, ya ce sojoji ba nufi suke karantawa ba. Aka yi zaɓen Nijar, ya bi layi ya dangwala, ya fito da tawada a yatsa mutane na ta barka. Shi dai wanda yake son nuna wa yatsan bai san ko yana gida ba, ko kurkuku, ko ƙasa.

Sai da bazara ta kama, bayan an rantsar da farar hula, saƙo ya shigo daga adireshin da bai sani ba. Ba sallama, ba suna, mahaɗin wani shafi ne kawai. Ya danna.

Sabon shafi ne, da sabon suna, daga wani gari na bakin iyaka. Marubucin ya ce ya bar gida da rigar jikinsa, ya kwana a daji, ya haye kogi. A ƙarshe ya ƙara 'yan layuka. Ya ce wani ya taɓa tambayar iyalinsa, kuma bai samu damar amsawa ba. Tsohuwa tana nan, amma ba zai iya komawa ya gan ta ba. An rufe kantin. Matarsa ta haifi mace, bai ɗauke ta ba tukuna. Ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba, domin a duk masu karanta shi mutum ɗaya ne ya taɓa tambayar uwarsa. Sai dai yana roƙon mutumin, in yana ƙaunar jaririyar, kada ya sake.

Faruku ya karanta, ya sake karantawa, hawaye na sauka kan gemunsa. A ƙasa ga akwatin sharhi nan a buɗe. Yana da barkar haihuwa a bakinsa, da neman gafara, da tambayar sunan da aka raɗa wa yarinya, wadda ita ta fi cin ransa. Ya ɗora yatsu kan madannai, ya janye su, ya cusa hannayen a aljihu.

Tanimu ya leƙo ya tambaya ko an samu labari. Faruku ya ce yana raye.

"To ka gaishe shi mana, Mushe."

"A'a," in ji Faruku. "Ban san shi ba."