Bargon Azumi

Tun ranar da maƙwabcinmu Bitrus magini ya tafi Garam bikin Kirsimeti, ya bar mana karyarsa da tsohon ciki, jikina ya ba ni abin ba zai ƙare lafiya ba. Sanyin bana ya fi na kowace shekara a Kurmin Sarki, ga 'yata Azumi da ciwon ƙirji, iska kaɗan sai ta kama tari.

Na kafa doka. A zuba wa karyar ragowar tuwo a bayan katanga, amma kada ta tsallako zaure, kada wanda ya taɓa ta. Gidan salla ne.

"Baba, to ina za ta kwana?" in ji Azumi.

"Inda sauran karnuka ke kwana."

Tarin yarinyar sai ƙaruwa yake. Ina shago a kan keken ɗinki, amma hankalina na gida. Na sayo man zafi, na sa aka ƙara gawayi a kasko, na toshe tagar ɗakinsu da buhu. Duk a banza. Rannan da safe na leƙa, na same ta a dunƙule cikin zanen uwarta, ba bargo.

"Ina bargon da na sayo miki a Madalla?"

"An wanke."

Uwarta Fatsuma ta ɗago daga murhu. "Wa ya wanke? Malam, 'yarka dai ta iya tsara zance."

Raina ya ɓaci. Na ce in har na gano bargon yana wajen karyar nan, zan sa mafarauta su tafi da ita. Daga nan bakin Azumi ya rufe, ko da lallashi ba ta ƙara cewa komai ba. Na zagaya gida, na duba ƙarƙashin rumbu, na leƙa kangon Bitrus. Ba bargo, ba karya.

A bayan katangarmu akwai tsibin karan dawa da Fatsuma ke ƙonawa kowace shekara ta tace tokar miya. Jira take ta samu safiyar da iska ta kwanta. Da ta samu, ta ɗebi garwashi ta fita, ni kuma ina zaure ina neman takalmina.

Sai ga Azumi a guje, ba ɗankwali, tana tari tana ihu.

"Inna, kashe! Suna ciki! Baba, ta haihu a ciki!"

Na bi ta har bayan katanga, na riƙe ta da ƙyar, na miƙa wa uwarta. Wuta ta riga ta ci gefe guda. Karyar ta faso ta cikin hayaƙi da ɗa guda a baki, ta yi wajen rafi. Ban san lokacin da na durƙusa na cusa hannu ba. Na jawo bargon, gefensa na ci, da 'yan kwikwiyo biyu a naɗe, idonsu ma bai buɗe ba. Na zuba su a gaban rigata.

"Malam, rigar sallarka ce fa," in ji Fatsuma.

"Akwai ruwa a randa."

Azumi ta leƙa rigar. "Huɗu ne, Baba. Jiya huɗu ne."

Yanzu biyun suna zaure cikin kwando, kusa da kasko, Azumi na ɗiga musu madara da tsumma. Na ɗinka mata sabon abin rufa da ƙyallayen shago. Safe da yamma ina sauka rafi da kwanon tuwo, ina yi wa karyar fito kamar yadda Bitrus yake yi, ina dawowa da kwanona. Tokar tana nan inda take, Fatsuma ta ce ba za ta sa ta a miya ba, kuma ba wanda ya yarda ya tona.

Karyar ba ta dawo ba. Na huɗun kuwa, ba mu san ko ta riga ta ɗauke shi ba, ko yana cikin tokar.