Lafiya Lau, In Ji Na'ura

Dogon Hannu ya koya wa na'ura ƙarya. Laifinsa ke nan, kuma babu wani suna mai laushi da za a sa masa. An ba shi amanar abin da bai iya ƙarya ba, shi kuma ya zauna a kujerar falonsa, da kofin shayi a gefe, ya koya masa.

A gida Auta ake ce masa. A asibitin da yake aiki ne aka laƙaba masa Dogon Hannu, kuma duk baƙon da ya ji sunan sai ya dafe aljihunsa, ma'aikata su yi dariya. Ba ɓarawo ba ne. Sunan ya samo asali ne daga aikinsa: yana iya kunna na'ura ko ya kashe ta alhali yana can ƙarshen gari, ƙafarsa a kan tebur.

A ƙasan ginin asibitin, bayan ɗakin fayil, akwai wani ɗan ɗaki marar taga. Ciki akwai manyan kwamfutoci biyu, irin waɗanda ake kira saba, a jere cikin kabad ɗin ƙarfe. Duk hoton da aka ɗauka na cikin jikin mutum, na ƙashi ne ko na ƙirji ko na ciki, can yake zuwa ya kwanta, kuma daga can likita yake ɗebo shi ya duba a allonsa. Dogon Hannu ya sa musu suna Uwa da 'Ya, domin duk abin da Uwa ta karɓa sai ta miƙa wa 'Ya kwafinsa, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta tsaya.

A cikin kowace saba akwai wata 'yar ƙaramar na'ura da ba ta barci ko an kashe babbar. Ita yake kira 'yar gadi. In ya buɗe laftof ɗinsa, ya fito da baƙin allon nan da babu hoto ko ɗaya a kai, ya rubuta layi guda na umarni, sai 'yar gadi ta jero masa amsa: ga zafin ciki, ga gudun kowace fanka, ga wutar da ke shiga, ga halin faifan ajiya. A ƙarshen kowane layi akwai kalma ɗaya, ko dai lafiya, ko kuma akwai matsala. In zafi ya wuce iyakar da aka gindaya mata, ba ta jiran a tambaye ta, sai ta aiko masa da saƙo a waya.

Yaya, babbar 'yar gidansu, nas ce a asibitin, kuma ita ta tsaya masa aka ɗauke shi. Da farko bai ba ta kunya ba. Yakan sauka ɗakin nan ya share ƙura, ya saurari ƙarar fankoki, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe ya ji. Daga baya ya lura cewa allo yana gaya masa duk abin da tafin hannu zai gaya masa, kuma allo ba ya sa mutum cikin cunkoson motoci. Ya rage zuwa. Ya karɓi aikin wasu ofisoshi yana yi musu daga gida. In Manajan asibitin ya tambaye shi ko ya duba, sai ya ce ya duba, kuma a ransa bai yi ƙarya ba.

Sai na'urar sanyaya ɗakin ta fara gajiya. 'Yar gadi ta shiga aiko da saƙo, yana cin abinci wayar ta yi ƙara, yana wanka ta yi ƙara. Fankoki suka ƙara gudu don su kori zafin, har Antin ɗakin fayil ta kira shi ta ce ɗana, jirgin nan naka da ba ya tashi ya hana mu jin maganar juna. Gyaran gaskiya a bayyane yake: ya taka ya je, ya sami Manaja, a kira mai gyaran sanyi, ya tsaya a kansa wuni guda. Ya duba wannan duka ya ga wahala. Ya rubuta layi ɗaya, fankoki suka sassauta. Ya rubuta wani, ya ɗaga iyakar zafin zuwa inda ba za a taɓa kaiwa ba sai dai in gobara ce. 'Ya ce ta fi yawan kuka, ita sai ya kashe ta gaba ɗaya, da niyyar zai kunna ta in an gyara sanyin. Wayarsa ta yi shiru. Anti ta sake kira ta sa masa albarka.

Tun daga ranar, duk lokacin da ya tambayi 'yar gadi, layukan suna sauka a jere: lafiya, lafiya, lafiya. Lambobin zafin suna nan a gefe, suna hawa, amma ido ya saba zuwa ƙarshen layi. Da faifai ɗaya ya mutu a cikin Uwa, ya share gargaɗin daga allo, ya ce ai saura suna ɗauke da kayan.

Har abin dariya ya mayar da shi. Wata rana da rana sun haɗu a gidan Baba, shi da Yaya. Baba tsohon tela ne, mutum ne da ko ƙafarsa ta karye, in ka tambaye shi ya jiki zai ce lafiya lau. Ranar yana zaune ya dafe gefen cikinsa, Yaya tana yi masa faɗa a kan ɓoye ciwo, yana cewa ita dai tun tana ƙarama ba ta rasa abin mita. Dogon Hannu ya buɗe laftof a cinya, ya juya musu allon.

"Yaya, bar shi. Ga 'yar'uwarsa nan. Na koya mata halin Baba, ko wuta take ci sai ta ce lafiya lau."

Baba ya yi dariya har ya yi tari, ya ce ashe yana da dangi a cikin ƙarfe. Yaya ta ce kai dai Auta ba ka da aiki, ta ci gaba da lissafa wa Baba magunguna. Ba ta fahimci abin da ta ji ba, amma ta ji.

Ciwon Baba ba ƙarami ba ne. Da aka matsa masa ya yarda aka ɗauki hoton cikinsa, aka ga wani ƙari a wuri mai wuyar shiga. Kafin hoton sai da aka yi masa wata allura mai sa jijiyoyi su fito sarai, kuma likita ya ce ƙodarsa ta sha wuya da ita, ba za a sake yi masa ba sai an daɗe. Mai iya wannan tiyatar ba a asibitin yake ba. Baƙo ne da yake zuwa daga nesa, ya yi 'yan kwanaki ya koma, sai kuma bayan watanni. Yaya ta yi ta zirga-zirga har aka sa Baba cikin waɗanda zai yi wa. Duk wannan lokacin Dogon Hannu ta waya yake jinya. Ya kira, Baba ya ce lafiya lau, ya ce to madalla, ya ajiye.

Ranar tiyatar dai ya zo. Baba yana kan gadon turawa a baranda, cikin rigar asibiti mai igiya a baya, bai ci komai ba tun jiya, leɓɓansa sun bushe. Yana tsokanar masu turawa, wai ɗinkin rigar nan ko ɗan koyo ba zai yi shi ba. Dogon Hannu yana zaune a benci, jakarsa a ƙafa.

Yaya ta fito daga ciki da sauri, hular aiki a kanta. Ta ce masa hoton Baba ya ƙi buɗewa, kuma ba na Baba kaɗai ba, na kowa. Likita yana tsaye yana jira, ya ce ba zai sa wuƙa a wurin nan ba sai hoton yana gabansa.

Ɗakin sabobin yana ƙarƙashin ƙafarsa, matakala biyu kawai. Bai tashi ba. Hannunsa ya riga ya saba, ya zaro laftof ya ɗora a cinya. Ya tambayi 'yar gadi. Lafiya, lafiya, lafiya. Wannan karon idonsa ya tsaya a kan lambobin, ya ga zafin da za a iya dafa ƙwai da shi. Bai ji tsoro ba. Bai ji komai ba, kamar an ce masa ana ruwa a wani gari. Ya ce wa Yaya minti kaɗan.

Ya yi abin da yake yi kullum in abu ya cije: ya ba da umarnin a kashe Uwa a sake kunna ta. Ya san, don ya sha gaya wa wasu, cewa tsohon faifai da ya daɗe yana juyi cikin zafi, in ya tsaya ba lalle ya sake tashi ba. Ya tuna da wannan bayan yatsansa ya sauka. 'Yar gadi ta ce an kashe. Ta ce an kunna. Ya jira. Uwa ta tashi ta nemi faya-fayanta, ba ta same su ba.

Ya kunna 'Ya. Ta tashi lafiya ƙalau, da sanyinta, ta nuna masa abin da ke cikinta: komai yana nan har zuwa ranar da ya kashe ta. Hoton Baba bayan nan aka ɗauke shi. Ya kira ɗakin ɗaukar hoto, suka ce na'urarsu ba ta riƙe na makonnin baya, ai shi ya sa aka ɗauke shi aiki.

Sai a lokacin ya sauka. Ya wuce Anti tana gaishe shi da fara'a, ya daɗe yana laluben makullin a ƙasan jaka. Da ya tura ƙofar, zafi ya buge shi a fuska kamar an buɗe murfin tukunya. Na'urar sanyin a mace take, ruwan da ta taɓa ɗigarwa ya bushe ya bar tabo a bango. Ƙura ta toshe ragar gaban Uwa kamar auduga. Fankoki suna juyi a hankali, cikin ladabi, yadda ya umarce su. Ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ya janye. Ya tsaya yana kallon 'yan fitilun da ke jikin sabobin, yana jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Abin da ya zo masa a rai shi ne bai sha shayinsa ba da safe.

Da ya hau sama an riga an mayar da Baba ɗakin kwanciya. An sallami da yawa daga masu jiran tiyata, wata mata tana naɗe tabarmarta. Likitan ya yi waɗanda zai iya yi ba tare da hoto ba, ya ce saura sai ya dawo.

Manaja ya tara Dogon Hannu da ma'aikatan da abin ya shafa a ofis bayan azahar. Ba ya son hayaniya, kuma yana son yaron. Ya riga ya samo masa mafita: na'ura ce, ta tsufa, ta mutu ba tare da gargaɗi ba, ko ba haka ba ne? Ai da ta yi gargaɗi da an ji. Dogon Hannu ya ce ba ta aiko da saƙo ba. Wannan ma gaskiya ce. Manaja ya gyaɗa kai, ya fara tattara takardunsa.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, ba a ma gayyace ta ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, gaya masa abin da ka koya mata."

Ya dube ta. Ta ce ko ya faɗa ko ita ta faɗa, da bakinsa ya yi maganar a gaban mahaifinsu, har ana dariya. Manaja ya tambaya me aka koya wa wa. Dogon Hannu ya buɗe laftof, ya juya masa allon, ya nuna masa iyakar zafin da inda ya mayar da ita, da gudun fankoki, da ranar da ya kashe 'Ya. Ya yi bayanin tsaf, a tsare, kamar yana koyar da darasi. Manaja ya tambaye shi dalili. Ya ce saƙonnin sun yi yawa.

A baranda Yaya ta ce masa ita ta kawo shi asibitin nan, ita kuma za ta ci gaba da shiga cikin mutanen nan kullum da wannan kunyar a fuskarta. Ta ce ba za ta ɗauki hutu ba, kuma ba za a ɗauko mai jinya ba. Tunda yanzu ba shi da wurin zuwa, ya san inda gadon Baba yake.

Ya shiga ɗakin. Baba yana kwance ya juya wa ƙofa baya, an ba shi ruwa ya ɗan jiƙa baki. Igiyar rigar ta kwance, ƙashin bayansa a fili, Dogon Hannu bai san ya rame haka ba. Ya ja kujera ya zauna. Bai san abin da ake cewa ba, sai ya faɗi abin da ya saba.

"Baba, ya jiki?"

"Lafiya lau, Auta."

An kore shi a ranar. An karɓe katinsa da makullin ɗakin, an canza kalmar sirri kafin ya kai bakin titi, kuma sauran ofisoshin da yake yi wa aiki sun ji labari sun sallame shi. Likitan bai dawo ba tukuna. Yanzu shi ke juya Baba, shi ke wanke shi, shi ke ɗora tafin hannu a goshinsa ya ji zafin. Kullum da safe yana tambaya, kullum kuma ana ba shi amsar nan.