Wadda Ba Ta Taka Gonar Ba

Likitar ta ɗaga hoton ƙashin, ta kara shi da hasken taga, ta daɗe tana dubawa. Sewuese ta matse jakarta a cinya.

"Shekarunki nawa, ƙanwata?"

"Ashirin da bakwai, Dakta."

"To bayanki ya girme ki. Akwai mai irin ciwon a gidanku?"

Akwai. Mahaifiyarta ta ranƙwafa kamar lauje tun ba ta cika hamsin ba. Yayarta Ngodoo kuwa ba ta tashi sai da sanda.

"Tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi mai hana su gugar juna," in ji likitar. "Ƙwayoyinsa kan mutu a hankali a jikin kowa. A wasu gidajen sai su yi gaggawar mutuwa. Gado ne, kamar wushirya. Ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi."

"Ba wani abu aka taka ba?"

"Aka taka? A ina?"

Sewuese ta karɓi hoton, ta fito. A Shabu, garinsu, kowa ya yarda Baba Iorfa, ƙanen mahaifinta, shi ya binne wani abu a gonar doyarsu tun rigimar iyaka. Shi ya sa aka kawo ta Lafiya koyon ɗinki tana 'yar shekara tara, don kada ƙafarta ta taka gonar. Yau da ƙarfe huɗu dattawa za su zauna su kori tsohon daga gari. Mahaifiyar Shima, saurayin da Sewuese za ta aura a Kirsimeti, ita ma za ta je. Wa zai kai wa ɗansa matar da ba za ta iya daka sakwara ba, ta kuma haifa masa masu irin bayanta?

Ta hau acaɓa zuwa Shabu. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji kamar an soka mata basilla. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce wa ɗan acaɓan ya juya.

Ta tarar an cika gindin mangwaro. Baba Iorfa na zaune a tabarma shi kaɗai, hularsa a hannu. Yayanta Terkimbi na tsaye a kansa, yana ta faɗa.

"Yaya, ka saurare ni," ta ce. "Daga asibiti nake. Ni ma ina da ciwon."

Kowa ya juyo gare ta.

"Shekara goma sha takwas ban taka gonar nan ba, kun sani. Likita ta ce a jininmu yake, daga wajen Mama. Baba bai yi komai ba. Don Allah ku ƙyale shi."

Mahaifiyar Shima ta dube ta tun daga kai har ƙafa.

"'Yata, jini kika ce? Har 'ya'ya ke nan?"

"Mai yiwuwa, Mama."

Matar ta miƙe, ta gyara zanenta, ta fita ba sallama.

Terkimbi ya ɗora hannu biyu a ka. Hawaye ne a idonsa, na gaske.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Yarinyar da muka ɓoye! Har cikin Lafiya ya bi ta!"

"Ba haka na ce ba! Yaya, ba haka—"

Hayaniya ta haɗiye maganarta. Babban dattijo ya ɗaga sanda, ya ce kwana uku aka ba Iorfa ya kwashe kayansa.

Sewuese ta ratsa ta cikin mutane ta isa bakin tabarmar. Ta dafa gwiwa, ta ciji leɓe, ta fara sauka a hankali. Zaman ya ɗauki lokaci, kowa na kallo.

"Tashi, 'yata," in ji tsohon ƙasa-ƙasa. "Za su ce na kama ki."

"Ai sun riga sun faɗa, Baba. Matsa min kaɗan."