Madannin Rufe Ƙofa

Yana ta danna madannin rufe ƙofar lif ɗin asibiti kamar mai murƙushe kiyashi, matarsa na tsaye a bayansa riƙe da takardun likita. A ofis Na-ga-dama suke kiransa, don wai bai taɓa yin komai a duniya ba sai da ya ga dama. Ko tuntuɓe ya yi, shi ya ga dama.

Yanzun nan likita ya gama matsa masa yatsun ƙafar hagu da suka yi baƙi, ya ce jini ba ya isa gare su. Ko ya bar taba yau, ko a yanke ƙafar kafin shekara ta zagayo.

"Likitan nan yaro ne," ya ce wa matar. "Ni nake shan taba, ba ita ke sha na ba. Ranar da na ga dama, shi ke nan."

"Baban yara, shekara ashirin ke nan ina jiran ranar nan."

Tausayinsa ya daɗe da ƙare mata. Abin da ya rage raini ne, wanda ita kanta take jin kunyarsa.

Ƙofa ta rufe. Ya juyo yana hura hanci.

"Kin gani? Kowane abu sai an nuna masa mai iko."

Wani mai gyara da ke tsugune a lungu da akwatin kayan aikinsa ya ɗago kai.

"Yallaɓai, ai madannin nan ba waya a bayansa, ni na cire ta tun bara. Ƙofar lokacinta take cikawa ta rufe, a danna ko kar a danna."

"To me ya sa kuka bar shi?"

"In babu shi, dukan ƙofar mutane suke yi. Sai muka bar musu abin dannawa."

Suka sauka. A bakin ƙofar asibiti Na-ga-dama ya miƙa wa matarsa kwalin tabarsa da hannu biyu, kamar mai ba da kyautar mota. Sai dai ya riga ya zare kara ɗaya.

"Wannan ta bankwana ce. Ni na ga dama."

Ta tsaya har ya kunna, ya zuƙa, ya lumshe ido. Sannan ta tsallaka titi zuwa kantin magani, ta nuna wa mai kantin mijinta ta gilashi.

"Sandar dogarawa nake so," ta ce, "daidai tsayin wancan mutumin."