Yaran da Ke Cikin Layin Baba Zakariya

Ranar Talata ce, hadari ya haɗu a kan kogin Binuwai ya ƙi zubowa, gari ya yi zafi kamar cikin tukunya. Muktar na gaban kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar agaji a Jimeta, sai ga Fibi, matar da ta gudo daga Michika lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. Ɗanta Sammy take nema. A hanya suka rabu, kuma an ce mata an gan shi cikin yaran da wani manomi, Baba Zakariya, ya kwaso zuwa gidansa a Vinikilang, hayin kogi.

Muktar ya buga sunan yaron, babu. Ya sake, babu.

Shi ya tsara rumbun bayanan nan. Lokacin da mutane ke kwararowa, don aiki ya yi sauri, ya mai da kowane gida ƙunshi guda: maigida a sama, mata da yara a naɗe cikin layinsa, babu mai layin kansa. Bai yi tunanin irin su Baba Zakariya ba. Da aka tambayi tsohon sunayen iyayen yaran, cewa ya yi duk wanda ya ci tuwon gidansa ɗansa ne, a sa su ƙarƙashinsa. Aka sa.

Ya nemi layin tsohon, shi ma babu. Jemimah, abokiyar aikinsa, ta ce ai ya rasu bayan bikin Ista, ita ta goge shi don kada a riƙa fitar da abinci da sunan mamaci. Ba wanda ya gaya mata gogewar za ta tafi da duk abin da ke ciki. Kwafin ajiya kuwa, sabon da babu layin a ciki ya daɗe da hawa kan tsoho.

"Ɗana, ka gan shi?" in ji Fibi.

Muktar ya miƙe. "Mama, injin bai riƙe ba. Tashi mu je gidan marigayin."

Suka hau keke napep suka haye gada. Matar marigayin ta ce bayan jana'iza dangi sun rarraba yaran, wasu Namtari, wasu ba ta san inda aka kai su ba. Ta tuna wani mai tabo a goshi. Fibi ta ce nata ba shi da tabo, ta zauna a ƙasa.

Abin da ya tafi tare da layin: yara goma sha ɗaya, hotunansu, da garin da kowannensu ya ce ya fito.